Jihar Jojiya: Yadda Aka Sayar Da Doka Mai Kyau Saboda Riba

A cikin jihohi 50 na ƙasar Amurka akwai wata a kudu maso gabas, a bakin Tekun Atilantika, ana kiranta Jojiya. Babban birninta shi ne Atlanta. Masu son ƙwallon ƙafa sun san sunan, gama a wasannin Olamfik da aka yi a wannan jiha a 1996 ne 'yan wasan Nijeriya suka doke Barazil da Ajantina, suka komo gida da lambar zinariya. Amma tarihin jihar yana ɗauke da darasi wanda ya fi lambar zinariya nauyi, shi ne kuma dalilin wannan rubutu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: abin da ya fi rushe doka mai kyau shi ne mutanen kirki da suka sami dalilin kauce mata saboda riba. Mugu kowa ya san shi, ana kuma tsare kai daga gare shi. Amma idan mutumin da jama'a suke girmamawa ya ce a ɗan sassauta, ƙofa ta buɗe ke nan. Jojiya ta fara da dokar hana bauta, ta riƙe ta shekara 16 kacal, sa'an nan ta ɗauki fiye da shekara 200 tana neman hanyar komawa inda ta fara.

Harsashi Mai Kyau

A 1732 Sarki George na Biyu na Ingila ya ba waɗansu amintattu izinin kafa sabon yanki a Amurka, aka raɗa masa suna Jojiya domin girmama sarkin. Shi ne na ƙarshe cikin yankuna 13 na Ingila waɗanda daga baya suka haɗu suka zama ƙasar Amurka. A watan Fabrairu 1733 wani soja ɗan majalisa mai suna James Oglethorpe ya sauka a bakin kogi da mutane ɗari da 'yan kai, ya kafa garin Sabana. Ƙasar tana da masu ita. Sarkin mutanen wurin, Tomochichi, shi ya ba baƙin wurin zama, suka kuwa zauna lafiya da juna har mutuwarsa.

Oglethorpe ya ga halin da talakawa da masu bashi suke ciki a kurkukun Ingila, ya so a sami ƙasa inda matalauci zai noma gonarsa da hannunsa ya ci guminsa. Saboda haka aka ƙayyade gonar wanda aka kawo kyauta a kan eka 50, ba kuma wanda zai wuce eka 500 komai arzikinsa. A 1735 aka kafa doka ta hana barasa mai ƙarfi, aka kuma hana shigo da bayi baƙar fata. A cikin yankunan nan 13, Jojiya kaɗai ta yi irin wannan doka.

Gaskiya ita ce ba tausayi kaɗai ya kawo dokar ba. Mutanen Sifen suna riƙe da Filorida a kudu, suna yi wa duk bawan da ya gudo wurinsu alkawarin 'yanci, amintattun kuwa suna tsoron kada bayi su zama wuƙa a bayansu lokacin yaƙi. Suna kuma tsoron kada Turawan su zama ragwaye. Duk da haka akwai waɗanda suka riƙe dokar saboda lamiri. A 1739 mutanen Sikotland da suka zauna a garin Darien suka rubuta wa Oglethorpe takardar koke, suna roƙo kada a yarda da bauta. Suka ce abin ƙyama ne a yanke wa wata al'umma da zuriyarta hukuncin bauta har abada, suka kuma yi gargaɗi cewa wata rana alhakin zai komo a kan 'ya'yansu ko jikokinsu. Mai karatu ya riƙe wannan shekara ta 1739, za mu sake bukatarta.

Yadda Dokar Ta Faɗi

A hayin kogi kuwa akwai Karolina ta Kudu, inda masu gonakin shinkafa suke ta yin arziki da gumin bayi. Mutanen Sabana suna hangen manyan gidajen maƙwabtansu, su kuwa suna fama da sauro da zazzaɓi da ƙananan gonaki. Sai gunaguni ya tashi. Aka yi ta aika wasiƙu London cewa Bature ba zai iya noma a wannan zafi ba, ƙasar kuma ba za ta ci gaba ba sai da bayi.

A nan ne zancen ya zo kusa da mu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka goyi bayan masu gunagunin shi ne George Whitefield, mai wa'azin da ba wanda ya kai shi suna a zamaninsa, wanda dubban mutane suke taruwa a fili su saurare shi. A 1740 ya kafa gidan marayu kusa da Sabana, ya kira shi Betesda. A wannan shekara kuma ya rubuta wasiƙa yana tsawata wa masu bayi saboda muguntar da suke yi musu. Amma gidan marayu yana cin kuɗi, bashi ya yi masa katutu. A 1747 ya sami gona da bayi a Karolina ta Kudu domin ribar ta riƙa ciyar da marayun. Da ya ga gonar tana kawo kuɗi, sai ya shiga rubuta wa amintattun cewa Jojiya ba za ta yi albarka ba sai an halatta bayi.

Ku duba yadda hujjar take da daɗin ji. Marayu ne za su ci abinci. Bayin ma za su ji bishara. Wa zai yi gardama da wannan? Ran 1 ga Janairu 1751 aka soke dokar. A lokacin bayin da suke Jojiya ba su kai 500 ba. Kafin 1775 sun kai wajen 18,000, da yawansu an kwaso su daga bakin tekun Afirka ta Yamma, inda mutane suka gwanance da noman shinkafa tun kaka da kakanni. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wani zai ce, "Ai Whitefield ɗan zamaninsa ne, bai kamata mu auna shi da ma'aunin yau ba." Na yarda cewa ba mu ne za mu yi masa shari'a ba, ayyukansa na alheri kuma suna nan ba su goge ba. Amma mutanen Darien na 1739 su ma 'yan zamanin ne, a ƙasa ɗaya suke, rana ɗaya take dukansu. John Wesley, abokin Whitefield tun suna jami'a, wanda shi ma ya yi aiki a Sabana daga 1736 zuwa 1737, ya buga ƙaramin littafi a 1774 yana la'antar cinikin bayi. Hasken yana nan a zamanin, bashi ne ya kare wa Whitefield shi.

Auduga Da Zinariya

Bayan Amurka ta ƙwace 'yancinta daga Ingila, Jojiya ta zama jiha a 1788. Shekara 5 bayan haka, a 1793, wani saurayi mai suna Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga a wata gona kusa da Sabana. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana gurza auduga da magurji ya san wahalar raba ta da angurya. Injin ya mai da aikin kwanaki ya zama na sa'o'i. Da an ce inji zai rage wa bayi wahala, sai a yarda, amma akasin haka ya faru. Da gurza ta yi sauƙi, sai kowa ya so ya faɗaɗa gona, gona kuwa tana bukatar masu noma da masu tsinka. A ƙidayar 1790 bayin Jojiya wajen 29,000 ne. A ƙidayar 1860 sun wuce 460,000, wato kashi 44 cikin ɗari na mutanen jihar. A 1829 har doka aka yi cewa laifi ne a koya wa baƙar fata karatu ko rubutu.

Auduga tana son ƙasa, ƙasar kuwa tana hannun mutanen asali. A arewacin jihar akwai al'ummar Ceroki. Waɗannan mutane sun yi duk abin da Turawa suka ce shi ne wayewar kai. Wani ɗansu, Sequoyah, ya ƙago wa harshensu haruffa a 1821. A 1827 suka rubuta tsarin mulki, a 1828 suka fara buga jarida da harshensu da Turanci. Suna da makarantu da majami'u da gonaki, har waɗansu masu arzikinsu sun koyi ajiye bayi. Sai aka sami zinariya a ƙasarsu wajen 1829. Daga nan labarin ya zama irin na Ahab da gonar inabin Nabot.

Jihar ta yi doka cewa duk Baturen da yake zaune cikin Ceroki sai ya karɓi lasin ya rantse zai yi biyayya ga jihar. Manufar ita ce a kori 'yan mishan da suke ba su shawara. A 1831 aka yanke wa mutum 11 hukuncin shekara 4 a kurkuku da aiki mai tsanani. Tara suka karɓi afuwa suka fita. Biyu suka ƙi, wato Samuel Worcester, mai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Ceroki, da likita Elizur Butler. Suka ɗaukaka ƙara, a 1832 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce Jojiya ba ta da iko a ƙasar Ceroki. Jihar ta yi kunnen uwar shegu da hukuncin, Shugaba Andrew Jackson kuma bai tilasta mata ba. A wannan shekara aka raba ƙasar Ceroki ga Turawa ta hanyar jefa ƙuri'a, masu ita suna zaune a ciki. A 1838 sojoji suka tattara mutane wajen 16,000 suka kora su yamma, zuwa inda ake kira Oklahoma a yau, tafiyar da ta fi kilomita 1,000. An ƙiyasta wajen 4,000 sun mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Har yau ana kiran hanyar da suka bi Hanyar Hawaye.

A ganin ido Worcester ya sha kaye: ya yi fiye da shekara ɗaya a kurkuku, mutanen da ya tsaya dominsu kuma an kore su. Ni dai ina ganin shi ne ya yi riba. Hukuncin da yake ɗauke da sunansa har yau kotunan Amurka suna kafa hujja da shi idan ana maganar hakkin mutanen asali.

Ikilisiya kanta ta rabu a kan bauta. A 1844 'yan Baftis na Jojiya suka gabatar da wani mai bayi domin a naɗa shi ɗan mishan, hukumar mishan ta ƙi. A 1845 'yan Baftis na kudu suka taru a garin Ogosta na Jojiya suka ware, suka kafa tarayyarsu. Wannan tarayya ce ta aiko Thomas Jefferson Bowen, haifaffen Jojiya, wanda ya sauka Badagiri a 1850, ya yi aiki a Ijaye da Ogbomosho, ya zama mafarin aikin Baftis a Nijeriya. Abin al'ajabi ke nan: masu hana baƙar fata karatu a gida suna tara baiko domin a kai wa baƙar fata littafi a hayin teku.

Alhaki Ya Komo

A watan Janairu 1861 Jojiya ta ɓalle daga Amurka tare da sauran jihohin kudu. Ɗan jihar, Alexander Stephens, ya zama mataimakin shugaban 'yan tawayen, ya kuma faɗa a fili a Sabana cewa an kafa sabuwar gwamnatinsu ne a kan cewa baƙar fata bai kai Bature ba, bauta ce matsayinsa. Aka gwabza yaƙin basasa shekara 4. A 1864 Janar Sherman ya ci Atlanta, aka ƙone babban sashen birnin, sojojinsa suka ratsa jihar har teku suna lalata gonaki da hanyar jirgin ƙasa. Garin Darien ma an ƙone shi a 1863. Gargaɗin da aka rubuta a can shekara 124 da suka wuce ya cika a kan jikoki.

A 1865 aka haramta bauta a dukan Amurka. Amma cire sarƙa daga ƙafa ya fi cire ta daga zuciya sauƙi. Gonakin da Sherman ya raba wa 'yantattun bayi a bakin teku, eka 40 ga iyali, an ƙwace yawancinsu kafin shekara ta zagayo. A 1868 baƙar fata 33 suka ci zaɓen majalisar jihar, 'yan'uwansu 'yan majalisa Turawa suka kori yawancinsu saboda launin fatarsu, sai da gwamnatin tarayya ta sa baki aka mai da su. Sa'an nan dokokin wariya suka biyo: makaranta dabam, asibiti dabam, wurin zama a jirgi dabam, har wurin shan ruwa dabam. A 1908 aka kawo jarrabawar karatu da waɗansu sharuɗa domin a hana baƙar fata jefa ƙuri'a. Ɗaruruwan mutane kuma taron 'yan iska ya kashe su ba shari'a.

Masu Gyara

Su wa suka gyara? Da fari, bayin da kansu. Tun a shekarun 1770 George Liele, bawan da aka 'yanta, yana wa'azi a gonakin Sabana. Almajirinsa Andrew Bryan an yi masa bulala an kulle shi saboda yana tara bayi domin sujada, bai daina ba, a 1788 kuwa aka kafa ikilisiyarsa, tana nan har yau.

Na biyu, makarantu. A 1867 aka buɗe aji a majami'ar Baftis ta baƙar fata a Ogosta, ajin nan ne ya zama Kwalejin Morehouse ta Atlanta. A 1881 waɗansu mata biyu 'yan mishan, Sophia Packard da Harriet Giles, suka fara koyar da mata 11 a ɗakin ƙarƙashin wata majami'a a Atlanta, wannan ne ya zama Kwalejin Spelman. A 1944 wani yaro ɗan shekara 15, ɗan faston majami'ar Ebenezer, ya shiga Morehouse. Sunansa Martin Luther King. Shi ne ya jagoranci gwagwarmayar neman hakki ba tare da ɗaukar makami ba. An kulle shi sau da yawa, har a jiharsa. A 1964 aka yi dokar hana wariya, a 1965 aka yi dokar kare 'yancin zaɓe, a 1968 kuwa aka harbe shi yana da shekara 39.

Yanzu ku yi lissafi. Daga 1751 zuwa 1865 shekara 114 na bauta. Daga 1865 zuwa 1965 shekara 100 na wariya. Jimla 214. Abin da aka soke da alƙalami a rana ɗaya, sai da aka yi yaƙi aka zubar da jini tsara bayan tsara kafin a maido shi.

Bayan haka jihar ta canja ƙwarai. A 1971 wani manomin gyaɗa, malamin makarantar Lahadi, Jimmy Carter, ya hau kujerar gwamna ya sanar cewa zamanin wariya ya wuce. Ya zama shugaban Amurka a 1977, ya ziyarci Legas a 1978. Cibiyar da ya kafa a Atlanta ta shiga yaƙi da kurkunu a 1986, Janar Yakubu Gowon kuma ya yi aiki tare da ita a ƙauyukanmu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cutar ta ƙare a ƙasar. Carter ya rasu a 2024 yana da shekara 100. A 1973 Atlanta ta zaɓi Maynard Jackson, baƙar fata na farko da ya shugabanci birnin. A 1995 'yan Baftis na kudu suka taru a Atlanta suka nemi gafara a fili saboda goyon bayan bauta da wariya, shekara 150 bayan taron Ogosta. A 2021 faston majami'ar Ebenezer, Raphael Warnock, haifaffen Sabana, ya zama sanata baƙar fata na farko daga jihar. Duk da haka tabon bai gama warkewa ba, gama a 2020 waɗansu Turawa uku suka bi wani saurayi baƙar fata, Ahmaud Arbery, da mota suka kashe shi yana gudun motsa jiki. Bambancin shi ne wannan karo kotun jihar ta yanke musu ɗaurin rai da rai.

Abin Da Ya Shafe Mu

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Kada mu karanta wannan tarihi muna girgiza kai kamar mu ba mu san bauta ba. A ƙasarmu ma an kama mutane an sayar a kasuwa, sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya. Zuciyar ɗan Adam ɗaya ce ko'ina.

Ya ku ɗalibai, musamman masu fita bana, nan gaba waɗansunku za su zama alƙalai, waɗansu akawu, waɗansu fastoci, likitoci da 'yan kasuwa. Da wuya wani ya zo ya ce muku, "Zo mu yi mugunta." Abin da za a ce shi ne, "Ai domin ginin majami'a ne," ko "Ai domin ƙannenka su yi karatu ne," ko "Ai kowa haka yake yi, dubi maƙwabta." Hujjar Whitefield ke nan, ta sake riga kawai. Sa'ad da kuka ji ta, ku yi tambaya ɗaya: wane ne zai biya kuɗin wannan alheri, an kuwa tambaye shi? Marayun Betesda sun ci abinci, amma 'ya'yan waɗansu ne aka raba da iyayensu domin a noma shi.

Mu malamai da iyaye da dattawan ikilisiya, nauyinmu ya fi. Yara suna kallon inda muke sassautawa fiye da abin da muke rubutawa a allo. Dokar makaranta a kan satar jarrabawa, ko dokar ikilisiya a kan kuɗin baiko, ba ta da ƙarfin da ya wuce na mutumin da ya fi kowa daraja a cikinmu. In shi ya kauce, sauran za su bi sawunsa da kwanciyar rai.

Mutanen Darien ba su da yawa, an kuma yi watsi da kokensu. Worcester da Butler su biyu ne cikin 11. Matan nan biyu sun fara da ɗalibai 11 a ɗaki mai laima. Ba ɗayansu da ya ga ƙarshen aikin da idonsa. Amma a yau, idan ɗan Jojiya yana neman abin da zai ɗaga kai da shi a tarihin jiharsa, sunayensu yake kira. Allah ya ba mu ƙarfin tsayawa a kan gaskiya ko da riba tana wancan gefe. Amin.